CEFANEN KARATU: WANE LITTAFI ZA KI SA A KWANDONKI?

 Yau hirar tamu a kan littattafai za ta tsaya, wato yadda yarinya za ta zaɓi abin da za ta karanta da kanta, ta jera sunayensu a rubuce, maimakon duk abin da ƙawa ta miƙo mata ta karɓa ta hau karatu ido rufe.

Ku ɗauki misali da ranar kasuwar Sara. In Inna ta ba ki kuɗin cefane, kika dawo mata da kwando cike da sukari zalla, me kike zaton za ta ce miki? Ai sukari da daɗi, amma ba ya kaɗa miya. Sai an haɗa da kuka da daddawa da gishiri da ɗan barkono kafin a ce an yi cefane. To haka karatu yake. Da yawanmu kwandonmu soyayya ce tun daga ƙasa har baki, a gama wannan a ɗauki wancan, sunan jarumar kawai ke canzawa.

Ni marubuciyar soyayya ce, don haka kada ku zaci zan ce ku bar karanta ta. Abin da ke damuna shi ne, yarinyar da ba ta karanta komai sai soyayya ita ke bai wa masu zagin littattafanmu hujja. Ba a manta ba, a shekarar 2007 gwamnatin Kano ta lokacin ta sa an ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace a hannun 'yan makaranta, bisa cewa suna ɓata tarbiyya. A gida ma haka ne. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito babu kyau, littafin da ke ƙarƙashin matashinki shi za a fara ɗora wa laifi, daga nan sai Baba ya ce kada ya sake ganin takarda a hannunki. Kin ga an yi biyu babu, ba soyayyar ba sauran karatun.

Ga shawarata. Ki samu bayan tsohon littafin rubutunki na makaranta, ki ja layi ki raba shi gida biyar: na addini, na ƙagaggun labarai, na wasan kwaikwayo da waƙa, na tarihi da tafiye-tafiye, sai na Turanci. Duk littafin da kika ji an yaba, ki rubuta sunansa da na mai shi a gidansa. Doka ɗaya ce tak, ba za ki karanta biyu a jere daga gida ɗaya ba.

GIDAN ADDINI

Da shi za a fara, domin shi ne gishirin miyar. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da muke biyawa a gaban malam, da Arba'una Hadisi, duk a rubuta su, a kuma nemi masu fassarar Hausa don a riƙa bita a ɗaki. Babin tsarki da na haila kaɗai ya isa ya sa kowace budurwa ta riƙe su da kyau, don akwai tambayar da kunya ba za ta bar ki ki yi wa malam a gaban aji ba. Akwai kuma tarjamar Alƙur'ani mai girma ta Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

A wannan gidan ki sa tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take tura jajis, wato mata malamai, ƙauye-ƙauye suna karantar da 'yan uwansu mata. Duk ranar da wani ya ce miki karatun mace baƙon abu ne a ƙasar nan, kin samu amsar da za ki ba shi cikin ladabi.

GIDAN ƘAGAGGUN LABARAI

A nan soyayyarmu take, amma ita ma hawa-hawa ce. Ki fara da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, shi ne ake ƙirgawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, labarin 'yar masu kuɗi da ɗan talaka, da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilkisu Funtuwa.

Kada ki tsallake Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, kuma ciwon abin ya fito a Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka raba da aji aka aurar wa tsoho, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, na 1990, labarin Rabi ne da miji ya kora da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. An fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Irin waɗannan su ke nuna miki abin da ke bayan ranar kai amarya, wanda yawancin littattafai a nan suke rufe labari.

Sannan a waiwayi na kakanni. Gasar rubutu da aka yi a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi maƙwabtanmu, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Wallahi wadda ta karanta yadda uwar Umar ta ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace, za ta san akwai son da ya girmi na saurayi. Magana Jari Ce kuma, littafi uku ne, shi ke gyara wa mutum Hausarsa.

GIDAN WASAN KWAIKWAYO DA WAƘA

'Yan sakandare ku buɗe kunne, domin takardar Hausa ta WAEC da NECO ba zube kaɗai take tambaya ba, har da waƙa da wasan kwaikwayo. Ku nemi Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya nuna yadda mai kuɗi ke yaudarar 'yar makaranta da abin hannunsa har ya lalata mata gaba. Rigakafi ya fi magani, gara ki gamu da irin wannan Alhajin a takarda, ranar da ya tsayar da mota a bakin hanya kin riga kin san shi. Uwar Gulma na Mohammed Sada shi kuma zaman aure ya taɓo, da wuyar da mace ke sha a hannun mijin da bai san darajarta ba.

A waƙa muna da namu na gida, Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta da ya yi waƙoƙi a kan biyayyar iyaye da illar giya. Ki haɗa da Imfiraji na Aliyu Namangi da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu. Waƙa ba a karanta ta a zuci, ki rera ta a fili da dare, za ki ga har Inna ta matso da tabarmarta.

GIDAN TARIHI DA TAFIYE-TAFIYE

Sai a 1991 aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, don haka Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji tarihinmu ne mu ma. 'Yan mata nawa ne a Sara suka san cewa a duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, wanda masana ke tahowa daga nesa don su gani? Abu a bakin ƙofarmu, baƙo ya fi mu saninsa.

Ki sa Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943. Sai wanda na fi so a wannan gidan, labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Kano da ta zauna ta zayyana wa wata Baturiya mai suna Mary Smith rayuwarta kaf, tun zamanin harin bayi da zuwan Turawa, da aure-aurenta da zaman kishi da ƙawance. An buga shi da Turanci a 1954, daga baya na Hausa ya fito. Kamar kina zaune ne gaban kakarki.

GIDAN TURANCI

Na san nan ne ake jan ƙafa, to amma babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma ba a koyon harshe da haddar nahawu kawai. Ki fara da The Stillborn na Zaynab Alkali, 'yar Arewa ce kamarmu, ya fito a 1984, labarin 'yan matan ƙauye da burinsu na birni. In ya faɗa miki, ki bi shi da So Long a Letter na Mariama Ba 'yar Senegal, wasiƙar matar da aka yi wa kishiya bayan doguwar zama. Shafi biyu a rana da ƙamus a gefe ya isa, sannu ba ta hana zuwa.

KAFIN KI BA DA KUƊINKI

Kuɗin 'yar makaranta ba yawa gare shi ba, don haka a yi hattara. In littafi mai kashi-kashi ne, ki tabbatar na ƙarshe ya fito kafin ki sayi na ɗaya, kada a bar ki a rataye. A shekarun 1990 wajen masu haya ake wannan takaici, yanzu kuma ya koma cikin waya, a ba ki shafukan farko kyauta a WhatsApp, daidai inda labari ya ɗau zafi a ce sai kin biya. Ki duba sunan marubuci, wanda ya ɓoye sunansa sau da yawa ya san abin da ya zuba a ciki. Ma'auni mai sauƙi shi ne, littafin da za ki yi wuf ki ɓoye in yayanki ya shigo, bai cancanci shiga jerinki ba.

Tunda tsofaffin littattafan nan ba kullum ake samunsu a kusa ba, ku yi adashin littafi. Ku haɗu ku biyar, kowace ta ɗauki gida ɗaya, in an samu mai zuwa Dutse ko Kano a ba shi sautu, sannan a riƙa musaya. Kuɗin littafi ɗaya kin karanta biyar ke nan. Ku kuma tambayi malamin Hausa na makarantarku, irinsu ba a rasa su da tsofaffin bugu a akwati.

Abu na ƙarshe, ki nuna wa Inna da Baba jerin nan naki. Uban da ya ga Ahalari da Shaihu Umar a shafi ɗaya da In Da So Da Ƙauna, hankalinsa zai kwanta, wataƙila ma shi zai ƙaro miki kuɗin na gaba. Masu sha'awar rubutu kuma ku sani, tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata, kuma wadda ta karanta iri-iri ita ke da abin zubawa a takarda.

Ku rubuto mana littattafai biyar na farko da kuka sa a jerinku, da dalilin zaɓensu, za mu buga waɗanda suka fi tsaruwa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.