Girki a Cikin Jirgin Ruwa: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Mutumin unguwar Chikaji bai saba da ruwan da ya wuce kogunan Galma da Kubanni ba, sai fa in tafiya ta kai shi Yawuri ko Baga. Amma bandar kifin da yake saye a kasuwar Sabon Gari, wani ne ya kwana a kan ruwa kafin ya kamo kifin, kuma a cikin jirgin katako ya dafa abin da ya ci. Yaya ake hura wuta a cikin abin da shi kansa makamashi ne, ga shi kuma ba ya tsayawa cak? Amsar za ta amfani matuƙin jirgi, za ta kuma amfani duk mai girki a matsattsen ɗaki.

Ba yau aka fara ba

Sarkawa da sauran masuntan Kogin Kwara sun daɗe da gano dabarar. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafki ya yi faɗi, masunci kan yi nisa da gaɓa, dole ya tafi da murhunsa. Za ka ga an shimfiɗa yashi a cikin tsohuwar tasa ko guntun kwano, an ɗora murhun yumɓu mai ƙahoni uku, tukunya ta nutse a tsakaninsu. Yashin ne ke shanye zafi, shi ke tare garwashin da ya faɗo kafin ya taɓa katako.

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, sun ga irin wannan a tashar Sawakin, inda suke shiga jiragen Larabawa masu filafili, wato babban ƙyallen da iska ke turawa, su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Kicin ɗin irin waɗannan jiragen akwati ne da aka cika da yashi, ana hura wuta a kai.

Tukunya ba ta zama wuri guda

Babbar matsalar jirgi mai filafili ita ce karkata. In iska ta bugo ta gefe, jirgin kan jirkice, ya yi sa'o'i yana tafiya a haka. Murhun da aka kafa kamar na gida, miyarsa a ƙasa za ta ƙare, ko a ƙafar mai girki.

Saboda haka ake rataye murhun a kan ƙusoshi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, yana lilo tsakaninsu. Nauyinsa na ƙasa da ƙusoshin, don haka duk yadda jirgi ya karkata, saman murhun na nan a miƙe, kamar ruwan da ke cikin tulu. Ana kuma kewaye samansa da ɗan shingen ƙarfe, da maƙalai biyu masu riƙe ƙugun tukunya. Ƙwararru ba sa cika tukunya ta wuce rabi, kuma sun fi son mai zurfi wadda murfinta ke kulluwa.

Wane makamashi ya fi?

Gawayi ya fi arha, kuma ba ya fashewa, amma yana tartsatsi, ba a kuma kashe shi nan take. Kurfoti sai a buɗaɗɗen jirgi, a kan yashi, lokacin da ruwa ya kwanta.

Kalanzir shi ne tsohon abokin matafiya. Rishon famfo na Primus, wanda aka fara ƙerawa a Suwidin a 1892, ya daɗe yana ciyar da masu ƙananan jirage, domin kalanzir ba ya saurin kamawa kamar fetur. Aibinsa baƙin hayaƙi da toshewar hancin rishon. Risho mai lagwani kuwa, da ya karkata mai zai zubo, wuta ta bi shi.

Gas ya fi tsafta da sauri, shi ya sa yawancin ƙananan jiragen zamani suka koma gare shi. Shi ne kuma ya fi buƙatar hattara.

Me ya sa gas ya fi haɗari a jirgi?

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya tsiyaya ba sama yake yi ba, ƙasa yake gangarawa kamar ruwa. A gida yana iya fita ta ƙarƙashin ƙofa. Jirgi kuwa kwano ne da aka ƙera musamman don kada komai ya ratsa ƙasansa, sai gas ɗin ya taru a gindi, ya kwanta shiru. Da ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƙyasta ashana ko tartsatsin batir ya isa.

Shi ya sa ake ajiye tukunyar gas a tsaye, a ɗaure, cikin akwatinta na daban mai huda a ƙasa da ke zubarwa wajen jirgi. Ana rufe kan tukunyar bayan kowane girki, ba makunnin murhu kaɗai ba. Tururin fetur ma haka yake kwanciya a ƙasa, kuma kusan kowane kwale-kwale mai inji yana ɗauke da jarkoki. Murhu da jarkar fetur kishiyoyi ne, kowa da nasa ƙarshen jirgin.

Gubar da ba a gani

Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba marar launi, marar wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya zaci gajiya ce, ya kwanta, daga nan sai a ji labari. Gawayi ya fi kowane makamashi fitar da ita. Kada a yi girki a cikin rufaffen ɗakin jirgi ba tare da buɗe taga ba, kada kuma a kwana da garwashi don jin ɗumi.

In wuta ta tashi fa?

A tudu, mutum kan ruga waje. A tsakiyar tafki wajen shi ne ruwa: gaba kura, baya sayaki. Ruwan da ya kewaye ka ma ba zai cece ka ba, domin fetur da kalanzir da man girki duk suna tasowa saman ruwa su bazu da wutarsu. A rufe gas, a kife murfi a kan tukunya, a danne da yashi ko bargon kashe wuta. A ajiye abin kashe gobara kusa da mafita, ba bayan murhu ba inda hannu ba zai kai ba. Rigar kariya kuma, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lakwaja ke ta nanata a sa, a jiki take da amfani, ba a ƙarƙashin kaya ba.

Ina ruwan Chikaji da wannan?

Leƙa ɗakin ɗalibi a Samaru: katifa a ƙasa, ƙaramar tukunyar gas a bakin ƙofa, labule na lilo a kanta, littattafai a gefe, taga a toshe da kwali saboda hunturu. Wannan ɗaki jirgi ne, tangaɗi kawai ya rasa. Mai kwana a ƙasa, a daidai inda gas ke taruwa yake ajiye kansa.

Gwajin tsiyayar gas ba ya cin ko sisi. Kaɗa ruwan sabulu, ka shafa a bakin tiyo da mahaɗar tukunya. In ka ga kumfa na tasowa, akwai tsiyaya, kada ka kunna. In ka shigo ka ji wari, kada ka taɓa makunnin lantarki, buɗe ƙofa da taga tukuna. In kuwa za ka kai wa mai walda aikin mazaunin murhu, ka ce ya faɗaɗa gindinsa, ya sa masa shingen da zai riƙe tukunya.

Masuncin Yawuri bai yi karatun injiniya ba, amma ba ya hura wuta sai ya shimfiɗa yashi. Ɗan'uwa, yau kafin ka ɗora tukunya, duba tiyonka, ka buɗe tagarka.