Maraɗi zuwa Damagaram: jirgi ko gudro?

Tsakanin filin jirgin sama na Maraɗi da na Damagaram, in aka ja layi miƙaƙƙe ta sama, tafiyar kilomita 200 ce da ƴan kai. Ta gudro kuwa, wato hanya mai lamba 1 da ake kira Hanyar Haɗin Kai, kusan kilomita 235 ne. Bambancin bai kai kilomita 40 ba, domin hanyar ba ta da wani kwana mai yawa: daga Maraɗi a bi ta Agye, Gazawa, Tasawa, Takyeta, sai Damagaram.

Jirgi mai farfela irin Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida da shi a 2014, yana cin kusan kilomita 500 a awa. Ke nan rabin awa da ƴan mintoci sun ishe shi. Mota mai lafiya tana bukatar awa uku zuwa huɗu. A takarda, jirgi ya yi nasara. Amma matafiyi ba a takarda yake tafiya ba. Sai ya sayi biye tun da wuri, ya isa fili awa guda ko fiye kafin tashi, a auna kayansa, a bincike shi, ya sauka, ya jira jakarsa, ya nemi abin hawa zuwa gari. Kafin ya gama wannan, wanda ya hau kar ya wuce Tasawa. Babbar matsalar ma ita ce rana: kar na tashi kullum, jirgi kuwa sai ranar da aka tsara masa.

Ɗan kasuwa yana da wani lissafin. Hanyar da kanta kasuwa ce. A Tasawa zai tsaya ya ji farashin hatsi da wake, ya karɓi bashi, ya gaisa da abokan hulɗa. A Takyeta hanya ta rabu zuwa Matamai da iyakar Najeriya. Jirgi yana tsallake duk wannan, kuma ba ya ɗaukar buhu. Ma'aikacin gwamnati da aka tura misiyo shi ma sau da yawa a garuruwan kan hanya aikinsa yake.

Inda lissafi ke juyawa shi ne in Yamai aka nufa. Daga Damagaram zuwa babban birni kusan kilomita 890 ne ta gudro, ta sama kuwa kusan 740. Kar na tashi kafin asuba, ya bi ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, ya isa bayan faɗuwar rana, in Allah ya kiyaye faci da kamiyoyin dare. Jirgi ba ya kai awa biyu. Ga marar lafiyar da likita ya tura babban asibiti, ko mai takardar da dole minista ya sa wa hannu gobe, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Shi ya sa filayen biyu, ko da yake maƙwabta ne, ba juna suke kallo ba. Kowanne Yamai ya fuskanta. Damagaram ce hedkwatar ƙasar har 1926, lokacin da Turawan Faransa suka mai da ita Yamai, can kusurwar yamma. Tun daga ranar, mai bukatar sa hannun hukuma ya zama matafiyin kilomita 890.