Hikimar Dasa Ƙusa a Jikin Ƙarfe da Wutar Lantarki

Ma'abota sana'ar walda sun daɗe da sanin wahalar huda ƙarfe domin a ɗaura masa ƙusa, har dai a shekarar 1939, lokacin da Ted Nelson, wani ma'aikaci a masana'antar jiragen ruwan yaƙi ta tsibirin Mare a Kalifoniya, ya ƙago wata na'ura mai siffar bindiga wadda ke dasa ƙusar a fuskar ƙarfen ba tare da an huda shi ba. Hikimar na da nau'o'i, amma asalinsu ɗaya ne: wuta ta tashi tsakanin bakin ƙusa da ƙarfe, su biyun su narke, sannan a danna ƙusar cikin narkakken wurin.

Nau'i na farko, wanda a ganina ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne na jan wuta. Idan mai walda ya ɗora ƙusar ya danna kunamar bindiga, sai na'urar ta ɗaga ta kaɗan, harshen wutar ya miƙe a cikin ratar, ya ci kusan daƙiƙa guda idan ƙusar mai kauri ce, kana ƙusar ta komo ta nutse. Alhali kuwa an riga an kewaye gindinta da zoben gasasshen yumɓu, wanda ke tsare narkakken ƙarfen daga iska, ya hana shi malala, a kuma fasa zoben bayan an gama. Da wannan ake dasa ƙusoshi masu kaurin har milimita 25, irin waɗanda ke riƙe kankare a jikin ƙarafan gada. Akwai kuma taƙaitaccen wannan nau'i, marar zobe, wanda ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, shi ne masu ƙera motoci suka riƙe.

Amma idan ƙarfen falle ne siriri, wannan zafi zai ƙone shi, saboda haka sai a koma ga nau'in da ke tara wuta a ma'ajiya, a sake ta gaba ɗaya cikin kashi 1 zuwa 3 cikin dubu na daƙiƙa, ta cinye ɗan tsinin da aka bari a bakin ƙusar, abin ya kama tun zafin bai ratsa bayan fallen ba. Wani lokaci tsinin na taɓa ƙarfen tun farko, wani lokaci kuwa daga ɗan nesa ake sako ƙusar, kuma na biyun nan ya fi dacewa da sanholo. Sharaɗinsa dai shi ne tsabta, domin tsatsa ko fenti kaɗan ya isa ya ɓata aikin.