Iskar Taya da Ran Fasinja

Kowane mai faci a bakin titin Kakuri ya san idan iska ta yi wa taya ƙaranci, zafi take ɗauka ta fashe. Wannan sanin da ba ya buƙatar digiri shi aka yi wa riƙon sakainar kashi a Jidda ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgin DC-8 ne da Nigeria Airways ya yi hayarsa daga kamfanin Nationair na Kanada, zai maido da alhazai Sakkwato. Tun kwanaki kafin ranar an lura iskar wasu tayoyinsa ta gaza. Da safe makanike ya nemi iskar naitirojin, ba a same ta kusa ba, jami'in kamfanin kuma ya ƙi a jira. Taya biyu suka fashe jirgin yana gudun tashi, wuta ta kama, matuƙi bai sani ba ya naɗe ƙafafun da wutar zuwa cikin jirgi. Mutum 261, ko ɗaya bai tsira ba.

Mun saba cewa ƙaddara ce, kuma haka ne. Amma masu bincike kan tarar da sarƙar ƙananan sakaci. A nan Kaduna, a Nuwamban 1995, jirgin Nigeria Airways ya zarce titin sauka ya kama wuta, mutum 11 suka rasu. Na kamfanin EAS da ya faɗa Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu, 2002, sai da ya cinye titinsa kaf, injinansa suka shaƙi ƙura. A shekarar ce gwamnati ta hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22.

Matsalar ita ce kamfani da naira yake sayar da tikiti, amma kayan gyara, inshora da babban duba jirgi a ƙasashen waje duk da dala ake biya. Jirgin da ke ajiye ba ya kawo ko kwabo, shi ya sa jinkiri ke zame wa manaja annoba. Mu fasinjoji ma, a faɗi gaskiya, mu ne kan gaba wajen tayar da jijiyar wuya idan aka ce a dakata.

A 2017 dai an daure. Aka rufe titin jirgin Abuja mako shida don gyara, aka karkato jirage Kaduna. Manyan kamfanonin waje suka ƙi zuwa, sai Ethiopian kaɗai. Mutanen Gonin Gora sun sha kallon motocin fasinja suna wucewa Abuja da rakiyar 'yan sanda, har zuwa 18 ga Afrilu da aka buɗe titin.