Mulkin Kai Ya Zo, Amma Ina Ya Bar Talakan Birnin Kudu Da Gwaram?

Ran 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta sami mulkin kai, aka kuma ba ta tsarin mulkin da aka shirya a tarurrukan London da Ikko. A zamanin nan Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na En'e ta Kano, kowace da hakiminta. To, bari mu duba abin da tsarin nan ya yi wa mutanen wuraren nan, da abin da ya bari bai yi ba.

Alherinsa shi ne an rubuta 'yancin ɗan Adam a cikinsa, bisa shawarar Kwamitin Willink na 1958, watau 'yancin faɗar ra'ayi da na yin taro. Amma fa ɗan doka da alkali da gidan yari duk an bar su a hannun En'e. Saboda haka in 'yan NEPU suna son yin lacca a kasuwa, sai sun nemi izini wurin hukumar da suke suka. Wanda aka kama kuwa, lauya ba shi da ikon tsaya masa gaban alkali. Wa manomin Gwaram zai kai wa kuka, alhali Babbar Kotu tana can Kano?

Aibu na biyu, mata. Matan Kudu suna jefa ƙuri'a, amma na Arewa ba su sami wannan dama ba sai 1976. Ke nan rabin manyan mutanen gundumomin nan ba a tambaye su wanda zai mulke su ba.

Na uku, jihohi ba su yi daidai ba. Cikin kujeru 312 na Majalisar Wakilai, Jihar Arewa ita kaɗai tana da 174. Tun da yake yawan kujeru yana bin yawan jama'a ne, sai ƙidaya ta zama abin faɗa, har aka soke ta 1962. Haka kuma tsarin ya ba Majalisar Tarayya ikon kafa dokar ta-ɓaci, aka kuwa ɗora wa Jihar Yamma ita a watan Mayu 1962. Da aka zama Jamhuriya a 1963, an janye Sarauniyar Ingila daga shugabanci, amma ba a toshe ɓarakar nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kifar da gwamnati.

Gyara ya zo daga baya. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, sa'an nan a 1991 Birnin Kudu da Gwaram suka shiga Jihar Jigawa.

Jama'a, abin lura shi ne, 'yancin da aka rubuta a takarda ba ya amfanar talaka sai in akwai wanda zai tsaya masa kusa da gida. Duk lokacin da aka tashi gyaran tsarin mulki, to, a fara auna shi da wannan mudu.