Layin intanet guda, shaguna goma: yaya za a san wanda ya biya?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ciniki da yawa ya koma cikin waya. Mai atamfa tana aika hoton kaya ta WhatsApp, ɗan kasuwa yana tambayar farashin Kano ko Kwatano kafin ya yi oda. Shi ya sa maƙwabtan shaguna kan haɗa kuɗi su jawo layi guda su raba. Rigimar takan taso ne a ƙarshen wata: mutum goma ke biya, amma talatin ke amfani, domin kalmar sirri guda ce, kuma kowa ya ba ɗan'uwansa.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Sunansa PPPoE, an wallafa ƙa'idarsa tun 1999, kuma da shi kamfanonin waya na ƙasashe da dama suka riƙa tantance masu layin ADSL. Aikinsa irin na mai gadin ƙofa ne. Ana jan kebul daga babbar ruta, wato na'urar da ke rarraba intanet, zuwa kowane shago. Ƙaramar rutar shagon ta yi sallama, babbar ta tambaye ta suna da kalmar sirri, ta duba rajista. In sun dace sai ta ba ta adireshi ta buɗe mata hanya. In ba su dace ba, ko kebul na jone, babu abin da zai wuce.

Rutocin MikroTik, na ƙasar Latbiya, suna cikin waɗanda ke wannan aiki. Mai gyara zai kunna PPPoE a kan ƙofar da kebul ɗin shaguna ke shiga, ya ware adireshin da za a riƙa bayarwa, ya yanka wa kowa gudunsa, misali mega 2, sannan ya rubuta wa kowane shago sunansa da kalmar sirrinsa.

Ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu riƙe da kuɗin adashin layi, ga abin da za ku tambaye shi kafin ku sallame shi. Na farko, ya sa suna guda ba ya shiga sau biyu a lokaci ɗaya. Na biyu, ya zaɓi CHAP a maimakon PAP, don PAP tana tura kalmar sirri a fili, mai wayo yana iya tsinta. Na uku, ya daidaita girman ƙunshin saƙo a 1492. Kebul yana ɗaukar 1500, PPPoE na cin 8. In an manta, wasu shafuna su buɗe, wasu su tsaya cik, a yi ta zargin kamfani a banza. Na huɗu, ya canza kalmar sirrin babbar rutar, ya damƙa ta ga mai layin, kada ta zauna hannunsa shi kaɗai.

Wanda bai biya ba, sunansa kawai za a rufe, ba tare da an taɓa na sauran ba, ranar da ya kawo kuɗi a buɗe masa. Wanda kuma yake son ya mai da abin sana'a, ya fara duba yarjejeniyarsa da kamfanin da ya ba shi layi, ya kuma nemi bayani wajen hukumar ARCEP mai kula da sadarwa a Nijar, tun kafin ya zuba jarinsa.