Nima da Maamobi: Ƙungiyar da Ke Kokawa da Farantin Talla Don 'Ya'ya Mata Su Yi Karatu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke buhunan albasa ko wake ko gero a kasuwar Nima ranar Laraba, ya san cewa kafin mota ta gama tsayawa yara sun kewaye ta, wannan da ruwan leda, waccan da farantin ƙosai, wata kuma da goro a ka. Mafi yawansu 'yan mata ne, kuma da yawa daga cikinsu a daidai wannan lokaci cikin aji ya kamata a same su.

Ga wanda bai san wurin ba, Nima da maƙwabciyarta Maamobi suna tsakiyar birnin Accra ne, wanda mu muka fi sani da Ankara, ba su da nisa da fadar shugaban ƙasar Ghana. Tarihi ya nuna cewa wani Bafulatani, Malam Amadu Futa, shi ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, daga nan fatake da 'yan ci-rani daga arewacin Ghana da Nijar da Nijeriya da Mali da Burkina Faso da Togo suka yi ta sauka, har Hausa ta zama harshen da ya haɗa kowa. Babban magudanar ruwan nan da ya ratsa tsakanin unguwannin biyu, da gidajen haya masu ɗakuna a jere, inda iyali guda ke kwana cikin ɗaki ɗaya, su ne abin da baƙo yake fara gani.

A takarda dai, babu dalilin da zai hana yarinyar Nima karatu. Tun shekarar 2005 gwamnatin Ghana ta ɗauke kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati, ta kuma fara ciyar da yara a wasu makarantu. A watan Satumba na 2017 aka mayar da babbar sakandare ita ma kyauta. Haka zalika Dokar Yara ta 1998 ta ce ba a aurar da yaro ko yarinya sai sun cika shekara 18. To amma mai karatu, kai ɗan kasuwa ne, ka san lissafi ya fi takarda ƙarfi. Uwar da ke dafa wake da shinkafa ko koko don sayarwa tana buƙatar wanda zai ɗebo ruwa da asuba, ya wanke kwanuka, ya kai farantin bakin titi. Idan yarinya ta tafi makaranta, cinikin safe ya ragu, ga kuma kuɗin kayan makaranta da takalmi da littattafai da na darasin yamma da malamai ke karɓa, waɗanda kalmar kyauta ba ta shafe su ba. Ribar talla yau ake ganin ta, da ita kuma ake zubin adashi, da adashin ake tara kayan ɗaki. Ribar boko kuwa sai bayan shekara goma ko fiye, in ma an samu aiki. Uwar da ta zaɓi faranti ba ƙin 'yarta take yi ba, lissafin tukunyar gobe take yi, kuma duk wanda ya zo da wa'azi kawai bai taɓa wannan lissafi ba, iska ce za ta kwashe maganarsa.

A cikin wannan hali ne aka kafa ƙungiyar Achievers Ghana a shekarar 2011. Da sunan ƙungiyar karatun littattafai ta fara, wato Achievers Book Club, kuma waɗanda suka assasa ta 'yan unguwar ne: Amadu Mohammed, da wata yarinya wadda a lokacin shekararta 12, wadda aka so a yi wa auren dole amma Allah Ya kuɓutar da ita. Abin da suka fara da shi bai taka kara ya karya ba. 'Yan mata ne ke taruwa bayan an tashi daga makaranta, a buɗe littafi a karanta da ƙarfi, wanda ya fi sani ya gyara wa na baya.

Wani zai ce mene ne abin a zo a gani a karatun littafin labari? Abin lura a nan shi ne, yaron zango da Hausa yake tashi, ko Zabarmanci ko Dagbanci ko Kotokoli, da yamma ko ƙarshen mako ya je makarantar allo ya yi Larabci, amma jarrabawar BECE, wadda ita ce ƙofar shiga babbar sakandare, da Turanci ake rubuta kusan dukkan darussanta. Yarinyar da ba ta iya karanta tambaya da sauri ta gane ta ba, ko lissafi ma faɗuwa za ta yi, ba don kanta ba ya ja ba. Idan kuwa sakamako ya fito ba kyau, ai magana ta ƙare a gida, sai a ce tun da bokon bai karɓe ta ba, gara a yi mata aure. Ke nan littafin labarin da aka raina shi ne ke tsaye tsakanin yarinya da wannan hukunci. Bugu da ƙari, a gidan haya mai ɗaki ɗaya, ga talabijin, ga ƙanne, ga aike, ina yarinya za ta samu awa guda ta natsu? Wurin zama kansa rabin taimakon ne.

Daga karatu, ƙungiyar ta faɗaɗa zuwa nemo wa 'yan mata tallafin kuɗin karatu da kayan makaranta, da haɗa su da matan da suka yi nisa a ilmi don su riƙa ba su shawara. Amma a ganinmu, mafi wuyar aikin shi ne shiga gida a zauna da iyaye. Mun sha jin iyaye a shirye-shiryen rediyo da ake buga waya suna faɗin tsoronsu a fili, cewa yarinyar da ta daɗe a boko za ta fi ƙarfin gida, ko ta jawo abin kunya. Wannan tsoro ba a kawar da shi da barazanar 'yan sanda. Ɗan unguwa da ake haɗuwa da shi a sahun salla, wanda ya san yadda ake durƙusawa a gaida dattijo, shi ne zai iya cewa a ƙara wa yarinya shekara uku, a kuma saurare shi. Nan ne 'yan gida suka fi baƙi masu manyan motoci.

Sunan ƙungiyar ya fita duniya ne bayan da ta haɗa kai da Regina Honu, wata ƙwararriya kan kwamfuta 'yar Ghana, wadda ta kawo shirinta mai suna Tech Needs Girls cikin Nima, aka riƙa koya wa 'yan mata masu lulluɓi yadda ake rubuta manhajar kwamfuta da tsara shafin intanet. A 2017 gidan rediyon BBC ya sa ta cikin jerin mata 100 da ya zaɓa na wannan shekara. Ba kowace yarinya ce za ta ci abinci da kwamfuta ba, wannan gaskiya ne. Sai dai mai karatu ya duba nasa shagon. Tun da kamfanin MTN ya kawo aika kuɗi ta waya a Ghana a 2009, ciniki ya koma cikin salula. Wanda ke fito da kaya ta Aflao ko Paga ko Elubo ya san yawan takardun kwastan da ake cikewa ta kwamfuta, ya san kuma abin da 'yan tsakiya ke karɓa a hannun wanda bai iya karanta abin da ya sa wa hannu ba. 'Yar da ta iya karatu da lissafi da waya, akawu ce a cikin gida wadda ba za ta cuce ka ba.

Kafin Achievers ma akwai ɗakin karatu na al'ummar Nima da Maamobi da aka buɗe a 1998, aikin gidauniyar wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, wadda ta fara karanta wa yaran maƙwabta littattafai a lambun gidanta a Accra a 1990.

To sai dai kuma akwai giɓi, kuma giɓin 'ya'ya maza ne. Kowace kusurwa ta Nima tana da majalisar samari, wadda suke kira bes, ana dafa shayi ana hirar ƙwallo da tafiya Turai. Da yawansu majalisun kirki ne, su ke share kwata su ke haƙa kabari. Amma a wasu ne ƙwayar taramol ta samu wurin zama, har a 2018 ƙasar gaba ɗaya ta ɗauki kuka a kanta, sannan a watan Janairu na 2022 gungun samari biyu suka gwabza da bindigogi da adduna a titin Nima da rana tsaka, hotunan suka zaga duniya. Kowane yaro yanzu so yake ya zama Mohammed Kudus, wanda ya taso a ƙungiyar Strong Tower ta Nima, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar. Madalla da shi, amma Kudus ɗaya ne, sauran dubban kuwa suna buƙatar sana'a. Masu zanen bango na ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art sun janyo wasu samari zuwa ga fenti da buroshi, sai dai aikin ya fi ƙarfin hannu ɗaya.

Gwamnati kuwa ta kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017 tare da asusu na musamman, aka shimfiɗa filayen ƙwallo na roba a wasu unguwanni, sannan aka rushe ma'aikatar a 2021.

Raunin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne kuɗi. Mafi yawan abin da suke samu daga waje yake zuwa, kuma mai bayarwa daga waje yakan sauya ra'ayi, bana 'ya'ya mata, baɗi sauyin yanayi. Abin mamaki, dukiyar da ke wucewa ta kasuwar Nima a Laraba ɗaya ba ƙarama ba ce, kuma 'yan kasuwarmu ba marowata ba ne, ga masallatai nan da buɗa-bakin azumi shaida. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne ɗaukar nauyin karatun yarinyar da ba tamu ba. Ƙungiyar 'yan albasa ko ta 'yan goro ko ta direbobin manyan motoci za ta iya ware kaso daga kuɗin taronta ta ɗauki 'yan mata biyar, ta saya masu kayan makaranta da littattafai, ta kuma ba iyayensu mata ɗan jarin da zai cike gurbin cinikin faranti. Sharaɗin kawai shi ne a je da ƙafa a ga wurin, a nemi sunan makarantar kowace yarinya, a kuma riƙa karɓar takardar sakamakonta duk ƙarshen zangon karatu.